Ɗigo Ukun Sallau Mai Walda

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don kar wani a cikinku ya miƙe ya ce da kawunsa nake. Shekarun baya ne, zamanin da mota in ba ta da rediyo mai cin kaset ba ta cika mota ba. Ku matso ku saurara. Kai mai hamma, rufe bakin nan kar ƙuda ya kama haya a ciki.

Sunansa Sallau, sana'arsa walda. Rumfarsa ta kwano tana bayan tasha, injinsa ɗaya, tsoho, sai an lallaɓa shi kamar jinjiri kafin ya tashi. Rigar aikinsa kuwa tartsatsi ya huda ta ya sake hudawa, in ka ɗaga ta ga rana sai ka rantse rariya ce. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi ya amsa, in ka tsokane shi ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Amma yana da wata al'ada guda. Duk aikin da ya gama, a ƙarshen ɗinkin waldar sai ya ɗiga ɗigo uku a jere. Ɗis, ɗis, ɗis. Ubangidansa da ya koya masa sana'a ne ya taɓa ce masa, aikin da ba za ka iya sa wa hannu ba, kar ka yi shi. To Sallau bai yi boko ba balle ya sa hannu da biro, sai ya mai da ɗigon nan uku sa hannunsa. Garin nan kaf an san su. Ƙofar gida, gadon ƙarfe, baro, murhun mai ƙosai, ka duba gefe za ka gansu.

Yawancin tuwon gidan Sallau daga wuri ɗaya yake fitowa, filin sayar da motoci na wani Alhaji Jibo. Salansar mota ta tsinke, a kai wa Sallau. Ƙafar kujera ta karye, a kai wa Sallau. Alhaji Jibo mutum ne mai babbar riga da babban baki. Zai iya sayar maka da jaki ya ce maka doki ne da azumi ya ramar.

To ku riƙe wannan da zan faɗa muku yanzu, ku sa a aljihu, za mu dawo kansa.

Wata rana wani mai koyar da tuƙi ya jawo wa Sallau motoci biyu ƙanana, iri ɗaya sak. Ɗaya ta yi karo ta gaba, bonet ya naɗe kamar tabarma. Ɗaya kuma tirela ce ta bi ta ta baya, but ɗin ya shige ciki. Ya ce, "Malam Sallau, gaban wannan lafiya lau, bayan waccan lafiya lau. Yanka min su ka haɗa min guda."

Sallau ya ce, "Ai ba a hawa titi da irin wannan."

Mutumin ya ce, "Wane titi? Filin ƙwallo za ta riƙa zagayawa da 'yan koyo, giya ɗaya, kamar tafiyar hawainiya. Wallahi tallahi tayarta ba za ta taɓa kwalta ba."

Ya rantse, ya sake rantsewa. Zuciyar Sallau ba ta kwanta ba, amma ga rantsuwa, ga kuma gida babu hatsi. Ya yanka su ta tsakiya, daidai ƙarƙashin kujerun gaba, ya haɗa, ya ɗinke tun daga wannan ƙofa har waccan. Da ya gama, hannu ya riga ya saba. Ɗis, ɗis, ɗis. Mutumin ya ja motarsa ya tafi. Shekara ta wuce, wata ta bi ta, Sallau har ya manta.

Ku saurara fa, yanzu aka fara.

A layinsu Sallau akwai wata baiwar Allah, Malama Uwani, ma'aikaciyar jinya ce mai karɓar haihuwa. Aikinta a wani ƙaramin asibiti yake can cikin ƙauye, tafiyar awa guda a kan babban titi, titin nan kuwa ramukansa sun fi kwaltarsa yawa, ga tireloli suna wucewa fuu kamar an koro su. Shekara bakwai tana bin motar haya, wata rana a matse ta da buhunan albasa, wata rana a ɗora mata akuya a cinya. Sau nawa tana isa ta tarar mai naƙuda ta riga ta sha wuya. Ta yi ta zubin adashi, ta sayar da 'yan awakinta, har abin ya kai na ƙaramar mota ta hannu.

Mijinta Malam Nomau malamin firamare ne, mutumin kirki, sai dai Allah ya yi masa sanin komai. Mutumin da ko keke sai ya jingina da bango yake hawa, amma in ana hirar mota shi ne a gaba.

Ranar Asabar da safe suka yi sallama a rumfar Sallau. Malama Uwani ta ce, "Baba Sallau, alfarma muka zo nema. Mota za mu saya, ina so ka raka mu ka duba min jikinta. Inji in ya lalace ana gyarawa. Ni ƙarfen nake ji, ka san hanyarmu."

Malam Nomau ya ce, "Ni dai na gaya mata ba sai mun ɗora maka wahala ba. Mota ai tun daga ƙarar rufe ƙofarta nake gane ta."

Ta ce, "Haka ne, Malam. Amma ido biyu ya fi ɗaya."

Sallau ya kashe inji, ya canza riga, ya bi su.

Suka shiga fili na farko, suka ga wata fara, hayaƙinta kamar ana gasa masara. Suka shiga na biyu, suka ga wata ja, kujerunta sun lotsa, in ka zauna gwiwarka ce za ta riƙa gaisawa da haɓarka. Ko'ina Malam Nomau sai ya zagaya mota, ya sa ƙafa ya shuri taya, ya gyaɗa kai. Don Allah ku gaya min, me mai sayen mota yake ji in ya shuri taya? Har yau ban samu wanda ya ba ni amsa ba, kuma kowa a cikinku ya taɓa yi.

Rana ta take, suka iso filin Alhaji Jibo. Tun daga bakin ƙofa suka hango ta. Shuɗiya, ƙarama, mai ƙofa huɗu da ɗan but ɗinta a baya, sai sheƙi take kamar an lashe ta. An sa wa kujeru leda, an rataya ɗan turare a madubi.

Alhaji Jibo ya taso yana baza riga. "Lale, lale da Yallaɓai! Hajiya, barka da zuwa! Kai, ido ya san abin kirki. 'Yar Kwatano ce wannan, satin nan ta sauka. Wata tsohuwa ce ta hau ta can ƙasar waje, daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida."

Kun san tsohuwar nan ai. Duk motar da aka taɓa sayarwa a ƙasar nan ita ta hau ta. Allah ya ba ta lafiya, ta sha tuƙi.

Malam Nomau ya shuri taya. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya ce, "Kin ji ko? Kin ji ƙarar?" Ya shiga ya danna hon, ya kunna rediyo, ya kunna abin sanyi ya kara fuskarsa ya lumshe ido. Aka tayar da inji, yana kaɗawa lafiya lau, ko tari babu. Malama Uwani ta zauna a kujerar direba ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Sallau ya ga fuskarta. Fuskar wadda ta riga ta hango kanta a hanya, babu albasa, babu akuya.

Aka shiga ciniki. A taya, Alhaji ya ce albarka. A ƙara, ya ce albarka. Ana cikin haka ya jawo Sallau gefe kamar zai nuna masa wata salansa, ya cusa masa wani abu a naɗe cikin aljihu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Na goro ne, mutumina. Ka duba da idon rahama."

To wannan al'ada ce a harkar, kowa ya sani ban da mai saye. Wanda ka ɗauko ya duba maka mota, kai ka biya masa kuɗin mota zuwa wurin, amma mai fili ne yake ba shi na goro. Shi kuma sai ya buɗe bonet, ya zaro sandar duba mai, ya shinshina, ya ce, "Lafiyarta ƙalau." Shi ke nan, an yanka ka da wuƙar da ka wasa da kanka.

Sallau ya bar abin a aljihu. Ya koma wurin motar. Bai buɗe bonet ba, shi ba makaniki ba ne. Ya durƙusa a bakin ƙofar direba, ya shafa ƙarfen ƙasa da tafin hannu. Sumul, an cike, an goge, an fesa fenti. Amma hannun da ya shekara talatin yana shafa ƙarfe ba a yi masa wayo. Ya ji wani ɗan tudu da bai kamata ya ji ba. Ya ja robar bakin ƙofa, ya ɗaga gefen kafet, ya leƙa.

Ɗinkin walda, tun daga wannan ƙofa har waccan. A ƙarshensa kuma, ɗis, ɗis, ɗis.

Jama'a, Sallau ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Motar filin ƙwallo ce. Ta bar filin ƙwallo, ta bi hannu ta bi hannu, ta sha fenti, yau ga ta ta zama 'yar Kwatano.

Ya tsaya a durƙushe, kafet a hannu. Shaiɗan kuwa ba ya zuwa da ƙaho, da lissafi yake zuwa. Ya ce masa, "Sallau, saki kafet ɗin nan. Wa ya gani? Waldarka ce fa, ka san ba ta saki da wuri, wataƙila ta shekara biyar. In ka yi magana, Alhaji ya kore ka, me za ka kai gida? Kuma wa za a zaga? Ɗigon wa ke nan? Ko kuwa ka ce musu kawai motar ba ta kwanta maka ba, ku wuce, ka tsira da mutuncinka."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi daɗi, ita ce kuma ta fi haɗari. Don in sun wuce, gobe wani zai zo ya shuri taya.

Sai ya hango titin nan. Ya hango rami, ga tirela ta taho, ga Malama Uwani ta taka birki da ƙarfi. Shi ya san ƙarfe. Mota daga kamfani jikinta guda ne, in ta daku sai ta lanƙwashe ta kare na ciki. Wadda aka ɗinke kuwa, in ta daku, inda aka ɗinke nan take tunawa.

Ya ji Alhaji yana cewa, "To Yallaɓai, kawo hannu, don darajar Hajiya zan salla..."

Sallau ya miƙe ya ce, "Alhaji, dakata. Kar ka sallama."

Kowa ya juyo. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro abin nan a naɗe yadda aka ba shi, ya ɗora a kan bonet. Ya ce, "Ga goronka, ranka ya daɗe, haƙorina ba zai iya ba. Malama, wannan motar ba ɗaya ba ce, biyu ce. Gabanta daban, bayanta daban. Ɗinke ta aka yi."

Alhaji Jibo ya yi wata irin dariya. "Ka ji mutum! Rana ta taɓa shi. Wane maƙiyin ne ya gaya maka?"

Sallau ya ce, "Ba wanda ya gaya min. Ni na ɗinke ta."

Ya yaye kafet ɗin gaba ɗaya. Dillalan filin suka taru suka leƙa. Wani ya ce, "La ilaha illallahu, ɗigo uku!" Wani ya fashe da dariya ya ce, "Yau ga ɓarawo ya kama kansa ya kai kansa gaban alƙali!"

To a nan kuna jira in ce Malam Nomau ya rungume shi yana godiya ko? Ina! Malam Nomau ya cire hula ya mayar, ya ce, "Au! Ashe kai ne mai yanka su? Mu muna sahu ɗaya da kai a masallaci, ashe akwatin gawa kake ƙera wa mutane? Malama, kin ga irin wanda kika ɗauko mana!"

Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na yi, Malam. An ce min ba za ta hau titi ba, na yarda. Bai kamata in yarda ba."

Malama Uwani ta fito daga motar a hankali. Ta daɗe tana kallon ɗinkin nan, sannan ta kalli Sallau ta ce, "Baba, da ka yi shiru fa ba wanda zai sani."

Ya ce, "Ni zan sani."

Alhaji Jibo kuwa ya cika ya yi fam. Ya ce, "Sallau, shekara nawa kana ci a filin nan? Daga yau ko ƙusa ba za a sake kai maka ba. Mota kuma tawa ce, da kuɗina na saya. Waɗannan sun tafi, gobe wasu za su zo. Fita min daga fili!"

Sallau ya fita. Ya rasa mai fili, ya rasa maƙwabci, sunansa kuma kafin la'asar ya zagaya tasha. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ranar Sallau har da kwanon ya haɗiye.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Dije. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, "To Malam, ka faɗi gaskiya, ka sauke nauyi. Sai ka nemi wani aikin, tukunya ba ta san wannan zancen ba."

Ya ce, "Ban sauke ba, Dije. Motar tana nan."

"Taka ce?"

"Ɗinkin nawa ne."

Ku saurara, nan ne wurin da nake so ku ji da kyau.

Washegari da sassafe Sallau bai buɗe rumfa ba. Ya ɗauki tabarma da buta, ya je tsallaken titi, daidai ƙofar filin Alhaji Jibo, ya shimfiɗa a gindin wata darbejiya ya zauna. Bai shiga fili ba, an ce ya fita, ya fita. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Amma duk wanda ya ga ya zagaya shuɗiyar nan ya shuri tayarta, sai ya jira shi a bakin ƙofa, ya yi masa sallama, ya ce, "Bawan Allah, shuɗiyar can biyu ce, ni na haɗa ta, ɗaga kafet za ka ga ɗigo uku. Sauran motocin ban san komai a kansu ba."

Kullum haka. Sauran motocin ban san komai a kansu ba. Ko ƙari ɗaya bai taɓa yi ba.

Dillalai suka sa shi a gaba. "Maigadi, an tashi lafiya?" "Sallau, nawa Alhaji yake biyanka a wata?" "Kawo baƙin gilashinka mu ara, hasken gaskiya ya yi mana yawa!" Shi dai murmushi. In azahar ta yi ya yi alwala ya yi sallarsa, ya koma ya zauna. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar. A gida Dije ta koma dama kunu da rana. Ta yi ƙorafi, ta gaji, rana ta shida da kanta ta kawo masa kunun gindin bishiya, ta dire ta ce, "Sha, tunda ka zama ɗan sanda."

Alhaji ya aiko a gaya masa zai kira hukuma. Sallau ya ce, "To madalla, sai in nuna musu ɗigona." Ba a kira ba.

Rana ta tara Alhaji Jibo ya ga abin ba na ƙarewa ba ne. Ya fito tsakiyar fili, da ƙarfi don na gindin darbejiya ya ji, ya ce, "A zuba mata mai! Yau za a kai ta wani gari, can inda ba a san mahaukaci ba. In ya iya ya bi ta da tabarmarsa."

Ya miƙa mukulli ga direbansa na farko. Direba ya ce, "Wallahi Alhaji tun jiya cikina ke murɗawa." Ya miƙa wa na biyu. Ya ce, "Alhaji, lasina ya ƙare." Mutumin da tunda aka haife shi bai taɓa riƙe lasin ba! Na uku ko tsayawa bai yi ba, ya tuna ana suna a gidan yayarsa. Duk sun leƙa ƙarƙashin kafet ɗin nan, kuma duk sun san hanyar.

Sai ga Sallau ya naɗe tabarma, ya tsallako, ya tsaya daidai bakin ƙofa. Ya ce, "Alhaji, in yi magana?"

"Me kuma?"

"Ka ce lafiyarta ƙalau. To ka tuƙa da kanka, ni zan raka ka. Kai a gaba, ni a baya. In mun isa lafiya, na yi maka alkawari ba za ka sake ganina a gindin bishiyar nan ba. In kuma ta tuna inda aka ɗinke ta, kai ka wuce da rabinka, ni in tsaya da nawa."

 Sai wani dillali ya kasa riƙewa ya tuntsire, saura suka bi.

Sallau bai yi dariya ba, da gaske yake. Ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya ɗora tabarma da buta a cinya, ya zauna yana jira.

Alhaji Jibo ya tsaya da mukulli a hannu. Ya kalli mota, ya kalli titi, daidai lokacin wata tirela ta wuce har ƙasa na girgiza. Ya kama murfin ƙofar direba. Ya saki. Ya gyara hula. Gumi ya keto masa. 

Can ya jefa wa Sallau mukullin ta taga ya ce, "Fito, ɗan nema. Kai ka ɗinke ta, je ka farke abinka."

A ranar aka tura ta har rumfa. Sallau ya lallaɓa tsohon injinsa ya tashi, ya bi ɗinkin nan ya yanke shi tun daga wannan ƙofa har waccan, bai karɓi ko sisi ba. Gaban aka kwance aka sayar wa masu kayan gyara, inji daban, ƙofofi daban. Bayan motar kuma, ya zauna ya ƙera amalanke da shi, ya kai wa Alhaji ya sayar. An ce wani manomi ya saya, ta shekara da shekaru tana ɗaukar taki, shanu biyu na jan ta. Ita ce amalanke ɗaya tilo a ƙasar nan mai fitilar birki.

Bayan sati biyu Malama Uwani ta sake sallama a rumfa. Malam Nomau yana bayanta yana ta gyaran murya. Da ƙyar ya ce, "Malam Sallau, ranar nan... zafin rana ne." Sallau ya ce, "Ba komai, Malam, ai gaskiya ka faɗa."

Suka sake zagaya filaye. A ƙarshe suka tsaya kan wata ruwan ƙasa, fentinta ya koɗe, rediyonta sai an mare shi yake magana. Malam Nomau ya shuri taya ya yamutsa fuska. Sallau ya durƙusa ya shafa, ya ɗaga kafet, ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, ya fito duk ƙura. Ya ce, "Ba ta da kyau, amma guda ce." Ita Malama Uwani ta saya. Shekara goma sha ɗaya tana bin titin nan da ita, kuma ba a san iyakar jariran da motar nan ta isa a kan lokaci dominsu ba.

Kar ku zaci Sallau ya yi kuɗi. Bai yi ba. Alhaji Jibo ya cika maganarsa, ko ƙusa bai sake aika masa ba, rigar nan mai huda da ita ya tsufa. Sai dai mutane sun fara zuwa ɗaya-ɗaya, duk mai son sayen mota ya ce a kira masa mai ɗigo uku. Dillalai in sun hango shi tafe sai su mai da goronsu aljihu.

Ga kuma ta ƙarshe. Bayan wasu shekaru Alhaji Jibo zai saya wa 'yarsa mota, ta gama karatu ta samu aiki a wani gari. Mutumin da ke da fili cike da motoci, da dillalai, da makanikai. Kun san wa ya aika a kira? Ya ce da ɗan aiken, "Ka ce masa ba ni na aiko ba." Sallau ya zo, ya durƙusa, ya ɗaga kafet.

To jama'a, ga abin da ke ciki, ba sai an tauna muku ba, amma zan tauna.

Faɗin laifin wani ba wuya, kowa gwani ne, har layi ake yi. Gaskiyar da ake auna mutum da ita ita ce wadda in ka faɗa, kai za ta fara cizo. Sallau ya faɗe ta, kuma bai tsaya a faɗa ba, ya zauna a kanta har ya warware abin da hannunsa ya ƙulla. Tuba ba a baki kaɗai take ba, wani lokaci sai ka ɗauki tabarma da buta.

Na biyu, wanda ya rantse maka zai tafi da rantsuwarsa, aikin hannunka kuwa yana nan yana yawo a duniya, yana shiga hannun mutanen da ba ka taɓa gani ba. Kai tela da kake ɗinka ruɓaɓɓen yadi ka ce ai mai shi ya sani. Kai mai gyaran waya da kake sa tsohon batir a sabon kwali. Kai birkila mai rage siminti don mai gini ya ce ai haya zai bayar. Kai mai tumatir, manya a sama, na ƙasa sai Allah. Kai kuma da ake ɗauka ka duba wa mutum kaya, ka ci goron mai kaya. Kar ka waiga, da kai nake. Kowannenmu yana da wata shuɗiyar mota da ya ɗinke ya manta, tana can wani yana shurin tayarta. Malamai kullum suna gaya mana algus ba halin mumini ba ne, mu ce na'am, mu fita mu shimfiɗa kafet.

Ranar da za a yaye kafet tana nan tafe, kuma ranar babu fenti, babu na goro, babu tsohuwar ƙasar waje. Kowa zai ga ɗigonsa. Wanda ya tuna inda ya bar nasa ɗinkin, ya tashi tun yau ya je ya farke, tun akwai sauran rana.

Allah ya ba mu ikon sa hannu a kan abin da muka aikata ba tare da mun sunkuyar da kai ba. In kuma za ku sayi mota, don girman Allah ku ƙyale tayar nan, ba ta yi muku komai ba. Ku durƙusa ku ɗaga kafet.